Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ranar 12 ga watan Mayu ta kowace shekara, ƙasashen duniya suna bikin ranar ma'aikatan jinya, domin a irin wannan rana ce aka haifi Florence Nightingale a shekarar 1820. Mahukunta sukan yi jawabai, a yaba wa masu jinya saboda haƙurinsu da rashin barcinsu, a ba wasu takardun yabo, a watse. Kashegari kowa ya koma bakin aikinsa, tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa tana nan inda aka bar ta: a cikin gidan likita, wane ne ke da ikon yanke shawara a kan yadda za a yi jinyar marar lafiya?

Wannan tambaya ta shafi kowane gida. A rahoton da hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta fitar a shekarar 2020, ta ƙidaya ma'aikatan jinya kusan miliyan 28 a faɗin duniya, wato kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya. Ta kuma ce akwai giɓin kusan miliyan 6, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Nijar ba sai an jira rahoto kafin a gane muhimmancinsu ba. Mutumin da jama'ar karkara ke kira "likita", daga Tasawa zuwa Madawa, daga Magariya zuwa Dogon Dutsi, galibi ba lokotoro ba ne, ma'aikacin jinya ne. Shi ke duba marar lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke yin allurar rigakafi, shi ke cika takardun ƙidaya na ƙarshen wata, kuma ƙofarsa ake bugawa da tsakar dare. A manyan asibitoci kuwa, lokotoro yakan zagaya ɗakuna da safe ya wuce ga sauran aikinsa. Wanda ke kwana da marar lafiya har asuba shi ne mai jinya.

Ke nan nauyi yana bisa kansu. Abin da ba ya hannunsu shi ne iko. Tsarin aikin dare da na rana, yawan gadajen da za a ɗora wa mutum ɗaya, irin kayan aikin da za a saya, wanda za a tura ƙaro ilimi, duk akan yanke su a ofis su sauko a takarda. In abu ya yi kyau yabo ya hau sama, in ya ɓaci laifi ya sauko ƙasa. Hausawa sun daɗe da sanin wannan hali: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda maganar ta samo asali

A ƙasar Amurka aka fara neman maganin wannan matsala a tsanake, kuma tilas ce ta kawo haka. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, asibitocin ƙasar sun shiga ƙarancin masu jinya: a horar da mutum, ya yi ƴan shekaru, ya ajiye aiki ya kama wata hanya. Da aka bi sawun dalili, sai aka tarar albashi ba shi kaɗai ne ke korar su ba. Da yawa sun gaji da ɗaukar alhakin aikin da ba su da ta cewa a cikinsa.

A shekarar 1976, Luther Christman, shugaban makarantar jinya ta jami'ar Rush da ke Shikago, ya rubuta cewa ya kamata masu jinya su sami tsarinsu mai cin gashin kansa a cikin asibiti, kamar yadda manyan likitoci ke da nasu. A 1978 Virginia Cleland ta aro misali daga jami'o'i, inda malamai ke yanke abin da ya shafi koyarwa, shugabannin ofis kuma su riƙe kuɗi da gine-gine, ta ce a gwada irinsa a fagen jinya. A 1984 Tim Porter-O'Grady da Sharon Finnigan suka fitar da littafin da ya yaɗa tsarin, wanda za a iya kira da Hausa tarayya cikin shugabanci.

Yadda yake tafiya ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa majalisu a cikin asibiti. Ɗaya tana tsara ƙa'idojin aikin jinya, ɗaya tana duba ingancin aikin da aka yi, ɗaya tana kula da horo da ƙarin ilimi, ɗaya kuma ta shugabannin sassa ce, mai neman kuɗi da kaya da ma'aikata. Masu aiki a bakin gado su ke zaɓar wakilansu, kuma daga cikinsu shugaban majalisa ke fitowa. Abin da majalisa ta yanke a fagenta ya zauna. A nan ne bambancin yake: akwai jin shawara, akwai yanke shawara. Shugaban da ya tara ma'aikata ya saurare su sa'an nan ya yi abin da ya riga ya ƙudura, ya ji shawara ne kurum.

Amma tsarin ya riga fahimtarsa yaɗuwa. Asibitoci da dama suka kafa majalisu don sun ga maƙwabta sun kafa, kowane da irin nasa fasali, duk suna kiran sa da suna ɗaya. Wasu suka ɗore, wasu suka mutu da zarar shugaban da ya kawo su ya bar wurin. A shekarar 2004, Mary Anthony ta bi binciken da aka yi a kan tsarin, ta nuna cewa sakamakon bai daidaita ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba a yi ittifaƙi a kan abin da ake aunawa ba. Shi ya sa masana suka dage kan neman tushe na ilimi: a san dalilin da ya sa tsarin zai yi aiki, da sharuɗɗan da in babu su ba zai yi ba. Ginin da ba harsashi, damina ɗaya ta ishe shi.

Duwatsun murhu uku

In aka tattara abin da masana suka faɗa, za a ga tushen yana tsaye ne a kan duwatsu uku, kamar murhu. In ɗaya ya kau, tukunya ta kife.

Dutse na farko shi ne cewa sani yana wurin da ake aikin. Tun a shekarun 1920, Mary Parker Follett, wata Ba'amurkiya mai nazarin tafiyar da ma'aikatu, ta bambanta iko a kan mutane da iko tare da mutane. Ta ce umarni nagari daga halin da ake ciki yake fitowa, ba daga kujerar mai magana ba; babba da ƙarami su dubi halin tare, su bi abin da ya wajabta. To, wa ya san halin da ake ciki a ɗakin yara da ƙarfe uku na dare? Mai jinya ce ta san numfashin wane yaro ya sauya, ta san wane famfo ne ba ya kawo ruwa, ta san takardar da aka ce a cika tana cin rabin sa'a alhali uwa tana jira a ƙofa. Wannan sani ba ya shiga rahoton wata. Darakta yana iya fin ta shekarun karatu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan ne Porter-O'Grady ya ce kashi 90 cikin 100 na shawarwarin aiki ya kamata a yanke su a inda ake aikin.

Dutse na biyu shi ne cewa halin ma'aikaci yana bin tsarin da aka sa shi ciki. A shekarar 1977, Rosabeth Moss Kanter ta fitar da littafi bayan ta daɗe tana nazarin wani babban kamfani na Amurka. Daga aikinta aka fitar da abubuwa huɗu masu ba ma'aikaci ƙarfi: ya sami labarin abin da ke gudana, ya sami goyon bayan na sama da na gefe, ya sami kayan aiki da lokaci, ya kuma ga hanyar ƙaruwa a gabansa. Ta lura da wani abu mai ban tsoro: mutumin da aka ɗora wa nauyi aka hana shi iko, yakan koma mai tsanani da ƙananan dokoki, ya huce a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Daga shekarun 1990, Heather Laschinger ta jami'ar Western Ontario a Kanada ta yi shekaru tana gwada wannan ra'ayi a kan masu jinya. Ita da abokan aikinta sun yi ta samun abu ɗaya: inda waɗannan abubuwa huɗu suka samu, gajiyar zuciya tana raguwa, son aiki da zama a cikinsa suna ƙaruwa.

Wannan dutse ya shafi ƙasashen yammacin Afirka kai tsaye. A shekarar 2003, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da sakamakon binciken da aka yi a gidajen likita na birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Binciken ya bayyana abin da talaka ya riga ya sani da jikinsa: tsawa, doguwar jira, fifita wanda aka sani a kan baƙo. Marubutan ba su tsaya ga zargin mutane ba, sun dubi yanayin aikin da ɗabi'un da yake haifarwa. Ba wanda zai wanke ma'aikacin da ya wulaƙanta marar lafiya. Amma wa'azi kaɗai ba ya gyara halin da tsari ke haifarwa kullum safiya. Wanda ba a jin tasa a ofis, da wuya ya ji ta marar lafiya a ɗaki.

Dutse na uku shi ne cewa alhaki da iko tare suke tafiya. Akwai bambanci tsakanin ɗan ƙodago da mai sana'a. Ɗan ƙodago yana yin abin da aka ce, in ya ɓaci ya ce haka aka umarce shi. Mai sana'a yana da ilimin da ya keɓanta da shi, kuma shi ke amsa tambaya a kan aikinsa. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da sarkin fawa, wanzamai suna da sarkin aska. Sarkin gari yana mulkin gari, amma ba ya gaya wa maƙeri lokacin da zai fid da ƙarfe daga wuta; in kuwa maƙeri ya ha'inci mutane, ƴan'uwansa maƙera ne ke fara sanin haka. Porter-O'Grady ya taƙaita wannan cikin ƙa'idoji huɗu: haɗin gwiwa, daidaita darajar kowane aiki, ɗaukar alhaki, da ɗaukar aiki a matsayin na kai.

Ya kamata masu jinya su fahimci wannan dutse da kyau, domin kaya ne ba kyauta ba. Majalisar da ta tsara yadda za a wanke rauni, ita za a tambaya in raunuka suka ci gaba da ruɓewa. Ita ce kuma za ta zaunar da ɗan'uwa in ya yi sakaci, ba ta rufa masa asiri don zumunci ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1983, cibiyar masanan jinya ta Amurka ta fitar da wani bincike. Maimakon a tambayi dalilin da ya sa masu jinya ke gudu, sai aka nemi asibitocin da ba a gudun su. Aka sami 41, aka kira su asibitocin maganaɗisu, don suna jawo ma'aikata suna riƙe su. Abin da ya haɗa su shi ne shugabanni masu saurare, ƴancin mai jinya a fagen sana'arsa, kyakkyawar hulɗa da manyan likitoci, da damar ƙaro ilimi.

A 1994, Linda Aiken ta jami'ar Pensilbaniya da abokan aikinta suka gwama 39 daga cikin waɗannan asibitoci da wasu 195 masu kama da su. Suka tarar mace-macen marasa lafiya, waɗanda galibinsu tsofaffi ne, ya yi ƙasa da kusan kashi 5 cikin 100 a asibitocin maganaɗisu. A 2002 suka sake wani bincike a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya: duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa mai jinya, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Ke nan yawan gadajen da ake ɗora wa mutum ɗaya maganar rai da mutuwa ce, kuma irin ta ce akan yanke ba tare da mai ɗaukar gadajen ba.

Ƙasar Ingila ta ba da darasin ɗaya gefen. A asibitin garin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, marasa lafiya sun sha wahala mai tsanani: wasu an bar su cikin ƙazanta, wasu ba mai ba su ruwa ko abinci a kan kari. Hankalin shugabanni ya tafi ga daidaita kasafin kuɗi da cika alƙaluman da aka gindaya musu, aka rage ma'aikata, kuma waɗanda suka yi kuka ba a ji su ba. Rahoton da lauya Robert Francis ya fitar a watan Fabrairu na 2013 ya ƙunshi shawarwari 290. Abin lura shi ne wannan ya faru a ƙasa mai arziki, mai injuna da magunguna. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da magana za ta bi daga bakin gado ta kai ga masu yanke hukunci.

Sai dai a yi adalci ga hujja. Asibitocin maganaɗisu sun haɗa abubuwa da yawa masu kyau, ba majalisu kaɗai ba, saboda haka ba a cewa kafa majalisa shi kaɗai ke rage mutuwa. Don kauce wa ruɗin suna, Robert Hess ya ƙirƙiro wani ma'auni a shekarun 1990, mai tambayar ma'aikata abu ɗaya ta fuskoki daban-daban: wa ke yankewa? Wa ke da iko a kan ƙa'idojin aiki, a kan ma'aikata, a kan kaya, a kan labari, a kan kwamitoci, a kan manufa da sasanta saɓani? Da irin wannan ma'auni ake gane asibitin da ya raba iko da wanda ya raba kujeru kawai.

Ramukan da ke kan hanya

Rami na farko shi ne majalisar jeka-na-yi-ka. A kafa ta da takarda mai hatimi, a yi taro, a rubuta rahoto, ba a taɓa aiwatar da ko ɗaya daga abin da ta yanke ba. Irin wannan ta fi rashinta illa, domin tana koya wa ma'aikata cewa magana ɓata lokaci ce, kuma wanda aka yaudara sau ɗaya ba ya saurin dawowa.

Na biyu shi ne lokaci. Wadda ta kwana a ɗakin haihuwa ba za a ce ta zauna taro da hantsi a cikin lokacin hutunta ba. In ba a lissafa zaman majalisa cikin sa'o'in aiki ba, masu ƙaramin aiki ne kaɗai za su riƙa zuwa, su yanke wa masu babban aiki.

Na uku shi ne tsoron shugabannin sassa, waɗanda ke ganin za a ƙwace musu girma. Gaskiya aikinsu yana sauyawa: daga mai ba da umarni zuwa mai samar da abin da aikin ke bukata. Wannan sauyi yana son horo da haƙuri. In aka tsallake su, su ne za su kashe tsarin a cikin shiru.

Na huɗu shi ne rikita majalisa da sandika. Sandika tana kare albashi da haƙƙin ma'aikaci, kuma wannan aiki ne mai daraja. Majalisa kuwa tana kare ingancin jinya. In aka gama su wuri ɗaya, kowace ta rasa ƙarfinta. Haka nan majalisa ba makami ba ce a kan lokotoro: gano cuta da tsara magani a asibiti suna hannunsa, kudin ma'aikata suna hannun ofis, jinya kuma tana hannun masu ita. Rubuta wannan iyaka dalla-dalla shi ne rabin aikin.

Abin da ya shafi Nijar

Maganar sa hannun jama'a ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu ba da agajin farko da ungozomomi a ƙauyukan jihar Maraɗi. Taron Alma-Ata na 1978 ya ce jama'a suna da haƙƙin sa hannu cikin tsara kiwon lafiyarsu. A zamanin Janar Saini Kunce, tsarin ci gaban al'umma da aka gina a kan samariya da ƙungiyoyin manoma ya ɗauki tuntuɓa da shawara da sa hannun kowa a matsayin takensa. Shirin Bamako na 1987 ya kawo kwamitocin gudanarwa, waɗanda aka fi sani da COGES, inda wakilan gari ke sa ido a kan kuɗin magani. Duk waɗannan sun nemi ba jama'a kujera, kuma daidai ne. Abin da ya rage shi ne kujerar mai jinya a inda ake yanke yadda zai yi aikinsa.

Akwai misalin da ya isa darasi. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Manufa ce ta alheri, kuma iyaye mata sun amsa, gidajen likita suka cika. Amma binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai ta yi ya nuna cewa shawarar ta sauko daga sama ba tare da isasshen shiri ba, biyan kuɗin da gidajen likita suka kashe ya yi ta jinkiri, magani ya riƙa yankewa. Wanda ya tsaya gaban uwa yana gaya mata babu magani, ba shi ne ya tsara shirin ba. Da akwai hanyar da maganarsa za ta hau tun farko, da an ga ramin kafin a faɗa.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Asibitin Amurka yana da ɗaruruwan masu jinya a cikin gini ɗaya. Gidan likita na karkara, wanda ake kira CSI, yana iya zama da mutum biyu ko uku, tsakaninsa da na gaba tafiya ce mai nisa a kan rairayi. Ba a kafa majalisu huɗu da mutum uku. Abin da za a ɗauka shi ne duwatsun murhun, tukunyar kuwa a gina ta da yumɓun gida. A manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, ana iya farawa da sashe ɗaya. A karkara, gundumar lafiya ce za ta zama gidan majalisa: shugabannin CSI da ungozomomi sun riga sun saba haɗuwa a hedkwatar gunduma don kai rahoto, a mai da wani ɓangare na wannan zama ya zama nasu, da shugaba daga cikinsu da batutuwan da su ke yankewa.

Batutuwan kuwa ba sa bukatar nema. Kowace shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro yana cika ɗakunan yara har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Yadda za a raba aiki a wannan lokaci, yadda za a tantance yaron da ba zai iya jira ba tun daga ƙofa, yadda za a tsara hutu don kada ya faɗo a tsakiyar damina, yadda za a karɓi sabon ma'aikaci a koya masa aiki, duk abubuwa ne da masu jinya suka fi kowa sani, kuma mafi yawansu ba sa cin ko dala.

Abin da ya wajaba

Na farko, a kan ma'aikatar lafiya: kafin a kafa ko majalisa ɗaya, a rubuta takardar da ta fayyace abin da masu jinya ke yankewa su kaɗai, abin da ake yankewa tare, da abin da ya rage a hannun ofis. A gwada a wurare kaɗan, a auna kafin a fara, a sake aunawa bayan shekara biyu, a buga sakamakon ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Na biyu, a kan makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram da sauran masu zaman kansu: ɗalibin da ya iya allura bai gama karatu ba sai ya iya jagorantar taro, ya iya karanta alƙaluman sashensa, ya iya kawo hujja a gaban na sama da shi cikin ladabi ba tare da rawar murya ba.

Na uku, a kan daraktoci da shugabannin gundumomi: su buɗe littattafai. Majalisar da ba ta san kuɗin da ke akwai ba, mafarki za ta riƙa yankewa. Duk shawarar da aka ƙi kuma, a ba da dalili a rubuce.

Na huɗu, a kan masu jinya su kansu: iko ba ya zama a hannun wanda ke zuwa aiki a makare, ko mai karɓar na goro kafin ya dubi marar lafiya. Wanda ke son a ji tasa, sai ya yarda a duba aikinsa. Ya kamata kuma a tabbata mata, waɗanda ke riƙe da ɗakunan haihuwa da na yara, sun sami kujeru daidai da aikinsu, da ƙananan ma'aikata waɗanda kunya da ladabi ke hana su magana a gaban manya.

Na biyar, a kan jama'a, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka zama wakilan garuruwansu a kwamitoci: su tambayi likitan garinsu abin da ke hana shi aiki, su kai maganar inda ta dace, su kuma faɗa masa gaskiya in ya kauce.

Shawara ɗaukar ɗaki ce, in ji masu iya magana. Jinka ba ta hawa sai kowa ya kama gefensa. Masu jinya sun daɗe da kama gefe mafi nauyi, ba tare da an tambaye su inda za a aza ɗakin ba. Takardar yabo ta ranar 12 ga Mayu tana da kyau, amma uwar da ta kawo ɗanta da tsakar dare ba takarda take nema ba. Tana neman ta tarar da ma'aikaciyar da ba ta gaji har ta daina gani ba, mai magani a kabad, wadda in ta ga yoyo tana da inda za ta faɗa a toshe kafin ruwa ya sake zuwa.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.